Buhu Biyu na Siminti a Katangar Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Litinin ɗin ba, kuma ko na so in manta, maginan Sabon Gari ba za su bar ni ba. Bari in ba ku labarin da bakina kafin ku ji shi a wajen wani ya ƙara masa gishiri, don ko ba gishiri ma ya isa abin kunya.

Ni magini ne. Na fi shekara ashirin da biyar ina riƙe da cokalin gini. In kun bi ta Samaru kuka shiga Hayin Dogo, da yawa daga gidajen hayar da ɗalibai ke kwana a ciki hannuna ne, kuma ban taɓa jin an ce bangon ɗaya ya tsage ba. Ina faɗin wannan ne don ku san ba rashin iya aiki ya kai ni ga abin da na yi ba. Hassada ce, tsagwaronta.

Wanda nake yi wa hassadar kuwa Ishaya ne, ɗan Shika. Wajen maigida ɗaya muka koyi aiki, marigayi Baba Tanko, Allah ya ji ƙansa. Na riga Ishaya zuwa da shekara uku. Ni na koya masa ɗaure igiya ta miƙe, ni na koya masa yanka bulo biyu ba tare da ya farfashe ba, har gobe kuma "Yaya" yake ce mini. Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa da kaza, Sallah mu aika musu da nama. Ko musu mai zafi bai taɓa haɗa mu ba. Laifinsa ɗaya ne a duniya: ya je ya yi karatun yamma ya samo takarda. Shi in an miƙa masa zanen gini sai ya karanta kamar wasiƙa. Ni kuwa sai in juya takardar sama, in juya ta ƙasa, in ce wa mai gidan, "Alhaji, kai dai nuna mini inda kake son ƙofa."

To, sai aka buɗe wata cibiyar koyar da sana'ar gini a Sabon Gari, cikin wani tsohon sito da ke kusa da layin dogo. Tsarin shi ne a ɗauko leburori da masu koyon aiki waɗanda ba su da takarda, a horar da su wata uku, sannan hukumar da ke sa ido a kan horon ta turo mai dubawa ya gwada su. Wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Yanzu manyan kamfanoni ba sa tambayar gida nawa ka gina, takarda suke cewa ka nuna. A ɓangaren jera bulo mu biyu aka ɗauka mu koyar, ni da Ishaya, kowa da mutum shida.

Ranar farko Daraktan cibiyar ya tara mu ya ce a ƙarshen zango za a naɗa babban mai koyarwa guda ɗaya, kuma ba za a yi dogon lissafi ba: wanda ɗalibansa suka fi cin jarrabawa shi ne. Za a ba shi farar hular kwano irin ta injiniyoyi, da ofis (wani ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya da kujerar roba, amma dai ofis ne). Tun daga wannan minti barci mai daɗi ya ƙaurace mini. Ba wai ofis ɗin nake so har haka ba. Abin da zuciyata ta kasa ɗauka shi ne in wayi gari yaron da na koya wa riƙon cokali yana yawo da farar hula, ni ina biye da tawa ruwan ɗorawa, in ina son zuwa suna ko jana'iza sai na je na tsaya a ƙofarsa na nemi izini.

Daga nan komai Ishaya ya yi sai ya tsone mini ido. Baƙi suka zo, shi ake turawa ya zagaya da su saboda Turanci. Makullin ɗakin kaya, shi aka ba. Har na kai ga lura da cewa in Darakta zai gaisa da mu, hannun Ishaya yake fara kamawa (daga baya na gane shi ne ke tsayawa kusa da ƙofa, amma a lokacin na ɗauka makirci ne). A gida ma abin bai ɓuya ba. Wata rana ina cin tuwo ina ta zuba, Ishaya ya yi kaza, Ishaya ya ce kaza, sai matata Hajara ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Ummi, wai Ishayan nan da mu yake kwana ne a gidan nan? Tun da ka shigo ban ji sunan ɗanka ko ɗaya ba sai nasa."

Na ce mata ba za ta gane harkar aiki ba. Ta ce ta gane sarai.

Amma maganar gaskiya, koyarwa na koyar. Mutum shidan nan na matse su kamar yadda Baba Tanko ya matse mu. In ka bar rami tsakanin bulo da bulo ka shafe fuskar don kada a gani, sai na sa ka sauke layin gaba ɗaya. Wanda ya fi shiga raina a cikinsu Sani ne, mutumin Zabi, magidanci mai 'ya'ya uku. Shekara goma sha biyar ya yi yana lebura, kwanon sarki ya cinye masa gashin tsakiyar kai. Hannunsa ya faɗa da aikin tuntuni, takarda ce kawai babu. Wani kamfani da ke gini a hanyar Shika ya yi masa alkawarin ɗaukarsa a matsayin magini in ya kawo takardar shaida kafin ƙarshen watan da za mu gama. Shi ke riga kowa zuwa, shi ke tashi ƙarshe.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani game da cibiyar. Ba a sa siminti a kwaɓin koyo. Yashi ne da farar ƙasa. A jera bulo da safe, da yamma a sauke, a kankare shi, gobe a sake amfani da shi. Wannan na sani, ban kuma ga aibinsa ba, tun da bulo ba daga sama yake faɗowa ba.

Saura mako biyu jarrabawa aka kira taro don a bayyana ƙa'idojinta. Takardar ta zo daga hukuma da Turanci, shafi huɗu. Darakta ya dube mu, ya miƙa wa Ishaya ya ce ya karanta ya fassara. Ishaya ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Wallahi wannan gyaran muryar ne ya ƙarasa ni. Na jawo takardar halarta na rattaba hannu, na zaro wayata wadda ko ƙara ba ta yi ba, na kara a kunne na ce, "Na'am Alhaji, ina jin ka," na fice. Wajen mai shayin bakin titi na je na zauna, na sha kofi biyu, sai da na hango mutane suna fitowa na koma.

Ishaya ya tare ni a bakin famfo. "Yaya, ka fita ba ka ji ƙarshen ba. Akwai wuri ɗaya mai muhimmanci, in maimaita maka?"

Na dube shi sama da ƙasa. "Ishaya, ni za ka koya wa jarrabawar gini? Ranar da na fara ɗora bulo kana ina?"

"Yi haƙuri, Yaya," in ji shi, ya wuce.

Abin da na tsinta a bakin mutane shi ne: ranar Alhamis kowane ɗalibi zai gina 'yar katanga mai kusurwa, tsayinta zuwa ƙirji, a bar ta a tsaye, ranar Litinin mai dubawa ya zo. Na ce to me ya rage? Ai shi ke nan.

Dabarar a cikin bas ta zo mini, muna dawowa Samaru, daidai Kwangila. Na ce a raina, katanga za ta kwana huɗu a tsaye. Mai dubawa in ya zo, me zai yi in ba ya tura ta, ya bubbuga, ya ga ƙarfinta ba? Haka duk injiniyan da na sani yake yi a wurin aiki. To na Ishaya yashi ne da farar ƙasa. In ni nawa suka sha siminti fa? Na yi murmushi ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa.

Ina da buhu biyu a zaure, ragowar wani aiki, waɗanda na yi wa Hajara alkawarin zan gyara mata daɓen bayan gida da su tun kafin azumi. Ranar Alhamis da sassafe na tsayar da mai keke muka ɗora. Hajara ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Ina za ka da simintin bayan gidana?"

"Aikin hukuma ne."

"Hukumar ce ba ta da siminti sai na gidanmu?"

Na yi kamar ban ji ba na ce wa mai keke mu tafi.

Wurin kwaɓin ajina yana bayan sito, ba a hango shi daga wajen su Ishaya. Na farke buhunan na juye a kan yashi. Ɗalibaina suka tsaya cirko-cirko da shebur a hannu. Sani ya sosa ƙeya ya ce, "Oga, a yi haƙuri, na ji kamar ranar taro Oga Ishaya ya ce..."

Da a ce ya ce "Darakta ya ce," ko "takarda ta ce," wataƙila da na tsaya na saurara. Amma sunan da ya ambata shi ya rufe mini kunne.

"Sani, a ajin wa kake?"

"Ajinka, Oga."

"To kwaɓa."

Ya kwaɓa. Da na ga launin ya yi duhu, sai na sa aka ƙara farar ƙasa don ya yi kama da na kullum (kun ga ke nan can cikin zuciyata na san ba hanyar Allah na bi ba, sai dai na ɗauka wayo ne irin wanda ake yaba wa mutum daga baya). Suka yi gini, gini kuwa mai kyau. Ni kuma ban tsaya nan ba. Kowane magini ya san siminti yana son ruwa kafin ya kama sosai. Juma'a na ba katangun ruwa, Asabar na ba su. Ranar Lahadi, da na tabbata Ishaya yana coci, na biya kuɗin mota tun daga Samaru na zo na yi ta jido ruwa da bokiti ina shayar da su ɗaya bayan ɗaya. Maigadi yana zaune a kan benci yana kallona, sai da zan tafi ya ce, "Oga, shuka ka yi ne?"

Litinin ta zo. Na sa rigar aikina da Hajara ta goge, na wanke hulata har tana ƙyalli. Wajen ƙarfe tara mota ta tsaya, mai dubawa ta fito. Mace ce, Injiniya Ngozi, gajeruwa, da tabarau da takalmin aiki da fayil a hammata. Iyayenta mutanen kudu ne amma a Unguwar Gabas aka haife ta, in tana Hausa ka rufe ido sai ka rantse Bazazzagiya ce. Ta gaisa da kowa, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da ɗaure fuska. Ta ce za ta fara da layin Ishaya.

Mu duka muka bi ta: Darakta, ɗalibai goma sha biyu, har da kafintoci da masu aikin famfo da suka bar ajinsu suka zo kallo. Ta auna tsayin katangar farko, ta auna faɗi, ta ɗora ma'auni ta ga ko ta miƙe, ta duba kusurwa, ta rubuta. Sai ta ajiye fayil, ta sa safar hannu, ta kama bulon sama ta ɗaga. Ya taso salin alin. Ta leƙa ƙarƙashinsa, ta zura yatsa a tsakani, ta ajiye shi a ƙasa. Ta ɗaga na biyu. Ta ɗaga na uku.

Jama'a, daɗin da na ji a lokacin, ban ji irinsa ba ko ranar da aka haifa mini ɗan fari. A ganina katangar Ishaya ce ke wargajewa a hannun hukuma. Ta gama da ta farko ta koma ta biyu, nan ma haka. Kafin ta kai ta shida layin Ishaya ya zama tarin bulo a ƙasa. Na saci kallonsa na ga yana murmushi, na ce a raina, yaƙe ne, bawan Allah, ciki ya ɗuri ruwa.

Da na yi shiru a nan ma da da sauƙi. Amma ina! Na matsa kusa da Darakta na ce, da muryar da na tabbata kowa zai ji, "Allah sarki Ishaya. Ai irin wannan ko akuya ce ta zo sosa jiki sai ta kwantar da ita." Darakta ya juyo ya yi mini wani irin kallo. Na ɗauka kallon yarda ne.

Aka iso layina. Injiniya ba ta buɗe baki ba na riga ta.

"Ranki ya daɗe, yanzu za ki ga gini."

Na kai wa katangar Sani mari da tafin hannu. Na ja baya na kai mata shuri. Ko gezau. Na ga har yanzu fuskar Injiniya ba ta nuna mamakin da nake so ba, sai na taka wani bulo na dafa na haye kan katangar. Ku dubi mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da tumbi, tsaye a kan katanga a gaban mutum kusan talatin. Na yi tsalle sau ɗaya. Na sake yi. A na biyun hulata ta faɗo ta gangara har gaban takalminta.

"Wannan ko mota ce ta buge ta," na ce daga sama, "motar ce za ta je wajen makaniki."

"Malam, sauko," in ji ta.

Na sauko ina haki. Ta auna tsayi, ta auna faɗi, ta duba kusurwa, har ta ɗan gyaɗa kai. Sannan ta kama bulon sama. Bai motsa ba. Ta sa hannu biyu ta ja. Shiru. Ta zaro makullin mota ta karci tsakanin bulon, makullin ya yi ƙara kamar a kan dutse. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Me aka sa a kwaɓin nan?"

Na buɗe ƙirji. "Siminti, ranki ya daɗe. Buhu biyu. Daga gidana na kawo, ban taɓa na cibiya ba."

Wani kafinta ya toshe baki ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Darakta ya dafe goshi.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce, "Malam, ni ba ƙarfin katanga na zo gwadawa ba. Ƙarfin siminti masu yin siminti ne suka yi shi, ba ɗalibinka ba. Hannun mai gini na zo gani. Sai na ɗaga bulo zan san ko ya shimfiɗa kwaɓi ya cika, ko ya bar rami a ciki ya shafe waje. Rabin makin yana cikin katanga. Yanzu gaya mini, ta ina zan shiga?"

Ta buɗe fayil ɗinta ta ci gaba.

"Ba a karanta muku ƙa'ida ba? Shafi na uku, an ja layi a ƙarƙashi: kada a sa siminti."

Darakta ya aika aka ɗauko takardar halartar taro. Ga sa hannuna nan a layin farko, ƙato, har ya ci layin na ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar wurin ma daɓen kankare ce.

Sai Ishaya ya matso. Na ce shi ke nan, ranarsa ta zo, bari ya rama maganar akuya. Ya ce, "Injiniya, a yi haƙuri, laifin har da nawa. Ni na karanta takardar, wataƙila na yi sauri a wurin. Yayana ne, shi ya koya mini aikin nan."

Wallahi da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Ina tsaye cikin kunya har wuya, amma sai da wata murya a zuciyata ta ce, ka gani, har a kirki ma sai ya nuna ya fi ka.

Injiniya ta rufe fayil ta ce ƙa'ida a fili take: katangar da ba ta buɗuwa ba a ba ta maki. Mutum shidan nan ba su yi jarrabawa ba ke nan, sai zagaye na gaba, bayan wata huɗu. Sani ya nemi bulo ya zauna. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon cikinta. Bai dube ni ba, bai zarge ni ba, cewa kawai ya yi a hankali, "Ƙarshen watan nan suka ce in kai takardar." A wannan lokacin ne, karo na farko cikin wata uku, na manta da farar hula. Na ji tsoron Allah, na kuma ji tsoron haɗa ido da mutumin nan.

Ishaya ne dai ya sake shiga tsakani. Ya ce ga bulon ajinsa nan an riga an sauke, tun da gobe ma za ta dawo duba kafintoci, me zai hana mutum shidan su sake gini da safe a gabanta, ta buɗe da rana? Ta koma gefe ta yi waya da ofishinsu, wayar da na ji kamar shekara. Ta dawo ta ce an yarda, da sharaɗi biyu. Na farko, Ishaya ne zai tsaya a kansu, shi zai sa hannu a matsayin malaminsu. Na biyu kuwa, ta juyo gare ni: "Malam, kada ka matso kusa da su. Kana da naka aikin. Filin nan na 'yan zango mai zuwa ne. Wanda ya sa siminti shi zai cire."

Haka aka yi. Ranar Talata ina wannan gefen da ƙatuwar guduma cikin rana, ɗalibaina suna can gefen suna gini, Ishaya na zagaya su da hannu a baya. Duk dukan da na kai wa katanga sai gudumar ta dawo mini har kafaɗa. Ruwan da na yi ta ba su kwana uku bai tafi a banza ba.

Da la'asar aka karanta sakamako. Ajin Ishaya, biyar sun ci, ɗaya zai maimaita. Ajina, duka shida sun ci, Sani kuma shi ya zo na ɗaya a cikin su goma sha biyun. Ku yi lissafin da kanku. Da na zauna a gida ranar Alhamis ɗin nan da zazzaɓi, da ni ne babban mai koyarwa. A takardar hukuma kuwa abin da aka rubuta shi ne mutum goma sha ɗaya sun ci a hannun Ishaya, ni kuma a gaban sunana an ja ɗan gajeren layi.

Da za ta tafi, Injiniya ta biyo ta inda nake, ƙura ta rufe ni har gira. Ta ce, "Malam, wa ya koya wa Sani cika tsakanin bulo haka?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa abin ya ba ni haushi." Ta shiga mota.

Sani ya zo ya durƙusa ya yi mini godiya, wai ni na koya masa. Na ce ya tashi kawai, Allah ya sa albarka. Ya kai takardarsa a kan lokaci, sun ɗauke shi. An naɗa Ishaya ranar Laraba. Bayan an tashi ya zo da guduma zai taya ni, na ce ya bari, ya ƙi. Muka yi ta duka tare, ni kuwa ina lura da cewa ko gudumar ma tasa ta fi tawa cin katanga. A gida Hajara ba ta yi mini faɗa ba. Ruwan zafi ta dafa ta gasa mini kafaɗa, tana gasawa tana tambaya cikin ladabi ko hukuma ta ji daɗin simintin.

Kwana uku na yi kafin in gama. Katangar Sani ta ranar Alhamis na bari ƙarshe, wadda na yi tsalle a kanta. Da ta fashe gida biyu sai na tsuguna na duba ciki. Kwaɓi ya cika ko'ina, daga layin ƙasa har na sama, babu ramin da allura za ta shiga. Aikin da duk malami zai so a gani ke nan. Na ɗaga kai in kira wani ya zo ya shaida, ba kowa a filin, kowa ya tafi sallar Azahar ko cin abinci. Na ɗan zauna ina kallonta, sannan na kwashe ɓaraguzan a baro na kai bayan sito na zubar.

Ba zan ce muku na warke ba, ƙarya ba kyau. Har yau in Ishaya ya wuce ana gaishe shi da "Oga babba," sai na ji hassadar nan ta ɗan motsa. Abin da dai na koya shi ne, in wata dabara mai daɗi ta faɗo mini, nakan tsaya in tambayi kaina don wa zan yi ta. In amsar ta fito da sunan Ishaya, sai in tattara kayana in tafi gida in ci tuwo.